Wasiƙar da Na Taƙaita

Abin da aka fara yabona da shi a duniya shi ne riƙe magana. Tun ina makarantar allo a ƙauyenmu, can kusa da Danchadi ta ƙasar Boɗinga, in aka biya mini karatu sau biyu to ya zauna ke nan, kuma yadda aka ba ni haka nake mayarwa, ba ragi ba ƙari. A kan haka malaminmu ya rene mu. Maganar littafi ba a taɓa ta. Wasali ɗaya ka sauya, kafin ka rufe baki ka ji tsumagiya a gadon bayanka. Da wannan kai na shiga elementare a Boɗinga, da shi kuma na wuce babbar makaranta a birnin Sakkwato, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu-ya-nasu. Ina tafe ina hura hanci, don a ganina duk abin da ake kira karatu na riga na san kansa.

A aji uku muka gamu da malamin Ingilishi, wani Bature dogo mai jan wuya, wanda ba ya rabuwa da jan fensir a bayan kunne. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ran nan ya raba mana takarda shafi ɗaya da rabi, bayani a kan yadda ruwan sama ke zaizaye ƙasa, ya ce kowa ya karanta ya rubuta abin da mai rubutun ke nufi. Na karanta sau biyu, na kife takardar, na zubo masa ita cif, har da waƙafi da aya. Na miƙa ina jiran a ce 'yan aji su tafa mini. Da littafina ya dawo sai na tarar da ƙaton sifili. Ya kira ni gaban allo, ya ce da gurguwar Hausarsa wai rigar wani na sato na sa. Ni da ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba! Raina ya ɓaci ƙwarai, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Daga nan ya zaunar da mu ya koya mana abin da yake so. Darasin taƙaitawa ne, kuma dokokinsa har yau ina iya jero su. Ka nemo ƙashin bayan magana tukuna. Misalan da mai rubutu ya kawo, ka soke. Abin da ya maimaita, ka bar ɗaya ka soke sauran. Gaisuwa da kewaye-kewaye, ka soke. Abin da ya rage ka faɗe shi da bakinka, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na asali. Da farko ji na yi kamar an ba ni wuƙa an ce in yanka akuyar da na yi kiwo da hannuna. Amma ni mutum ne mai zuciya, sifilin nan ya tsaya mini a wuya, na rantse sai na fi kowa iya abin nan. Kafin zangon ya ƙare na fara jin daɗin sokewa.

A aji huɗu aikin ya ƙara nauyi. Yanzu ba rubutu ɗaya ake ba mu ba, uku ne ko huɗu a kan abu guda, daga hannun mutane daban-daban. Sai ka karanta duka, ka gano inda bakinsu ya zo ɗaya da inda suka saɓa, sannan ka ƙulla su su zama rubutu ɗaya naka. Wanda na fi tunawa shi ne na noman rani. Rubutu na farko na wani malamin gona ne, yana cewa ban ruwa da jigo ɓata ƙarfi ne. Na biyu na wani matafiyi ne da ya bi ta bakin gulbi ya ga lambuna kore shar, ya yi ta zuba yabo. Na uku lissafi ne zalla, layi-layi. Na yi dariya a raina, don na tabbata a cikinsu babu wanda jigo ya taɓa yi wa kanta a tafin hannu, ni kuwa tun ina ɗan shekara bakwai nake jansa a fadamar Baba. Na haɗa su ukun cikin rabin shafi. Baturen ya karanta nawa a gaban aji, ya ce haka ake yi.

Ba zan ci amanar darasin nan ba. Da shi na ci abinci har na tsufa, kuma shi ya koya mini kada doguwar magana ta ruɗe ni. Abin da ban sani ba, ina ɗan shekara goma sha bakwai, shi ne inda aikinsa ya tsaya. Na koma in na je hutu gida, dattawa na gaisawa a ƙofar masallaci, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina aiki, ni kuwa ina gefe ina soke musu magana a zuci, ina cewa duk wannan layi ɗaya ya ishe shi.

Mahaifina manomin albasa ne, kuma shi ne babba a ɗakinsu. Yana da ƙane guda, Baffa, wanda shi ne autansu, sai 'yar'uwarsu Gwaggo da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Da can Baba da Baffa gandu ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya. Wata shekara, ina ɗan takwas, Baba ya yi tafiya ya bar wa Baffa kula da albasar da aka tara a rumfar ajiya, kafin ya dawo ta ruɓe kusan duka. Abin da na sani ke nan a lokacin: an yi faɗa a kan albasa, Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Shagari wajen dangin matarsa. Sauran ba a faɗa wa yara. Sai daga baya na ji cewa a bainar jama'a, gaban surukan Baffa, Baba ya ce masa hannunsa ba shi da albarka, duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Shekara tara ke nan ba wanda ya taka ƙofar wani, ko a salla ko a suna.

Hutun bazara na wannan shekara na iso gida na tarar da Baba a kwance. Ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rauni har ba ya iya ganin rubutu, shi da yake rubuta ajaminsa da kansa. Kwana biyu da zuwana, da hantsi, ya sa aka kira ni. Ya ce maƙwabcinmu mai jakai zai kai kaya Shagari, in ɗauko takarda in rubuta wa Baffa wasiƙa. Inna, mahaifiyata, da ke bakin ƙofa ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Kowa a gidan ya san abin da ake so: Baffa ya zo su ga juna tun Baba na da rai.

Na yago takarda daga littafin makaranta, na zauna a gefen tabarmarsa. Sai ya fara.

"Rubuta, zuwa ga Autan Inna. Ka ce ina gaishe shi. Ka ce ƙaƙa gida, ƙaƙa ɗiya, ƙaƙa uwar ɗiya. Ka gaida surukkainai, kowa da kowa."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da wata tsohuwa da ban san ko tana raye ba. Ni kuwa na juya bayan littafina ina ɗiga 'yan kalmomi, yadda aka koya mana: a saurara tukuna, a tsara daga baya.

"Ka ce mai, tsamiyar bakin rijiya tana nan, bana ta yi ɗiya har reshe ya karye. Ka ce ko ya tuna ranar da ruwa yac cika hwadama, nig goyo shi bisa wuya har tudu, shina kuka shina ja min kunne." Ya yi murmushi, ya nisa. "Ka hwaɗa mai, shekaran nan da albasa tar ruɓe, ta kowa ta ruɓe. Ta liman ta ruɓe, ta sarkin noma ta ruɓe. Daga Allah na, ba hannun kowa ba na."

Ya koma kan zabin mahaifiyarsu da suka taɓa ɓacewa, shi da Baffa suka kwana nema, ya sake dawowa kan albasa, ya faɗi kalmomin nan dai. Ya yi zancen wata jaka mai cizo da suka taɓa yi, ya kuma dawowa kan albasa, karo na uku. Ko sau ɗaya bai ce ba shi da lafiya ba, bai kuma ce Baffa ya zo ba.

Inna ce ta cike wannan daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce in sa cewa ciwon ya yi nauyi, ba ya cin abinci. Gwaggo kuwa, da ba ta iya magana a hankali, ta leƙo ta ce, "Ka rubuta mai in ba shi zuwa don kowa, shi taho don ni. In ko ya ƙiya, ni da shi har abada."

Wallahi a lokacin murna na ji. Ga mutum uku, ga magana ɗaya, aikin da na fi kowa iyawa ya biyo ni har gida. Na duba inda bakinsu ya haɗu: ciwo, da son Baffa ya zo. Tsamiya da zabi da jaka da goyo a fadama misalai ne, na soke. Jerin gaisuwa na dunƙule shi. Autan Inna kuwa, sunan da ake kiran Baffa da shi tun mahaifiyarsu na raye, na ga bai dace da mutum mai furfura a gemu ba, na cire. Saura albasa. An koya mini cewa abin da mai magana ya yi ta komawa kansa yana da muhimmanci a gare shi, don haka ba a yar da shi, a ba shi layi ɗaya. Na ba ta layi ɗaya. Ga abin da na rubuta, cikin ajami mai kyau:

"Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka. Yayanka ba shi da lafiya, ciwon ya yi nauyi. Mutanen gida duka suna son ka zo. Ya kuma ce a tuna maka da albasar da ta ruɓe a waccan shekara. Wassalam."

Ban san cewa a gidanmu babba ba ya buɗe baki ya ce wa ƙanensa ya yafe masa ba. Ban san cewa duk kewayen nan shi ne roƙon gafarar, kuma kalmar da Baba ya jefa shekara tara da suka wuce ita yake janyewa da ya ce ba hannun kowa ba ne. Rashin sani ne, na yarda. Amma abin da na yi bayan wannan ba rashin sani ba ne, kuma shi ya fi ci mini rai.

Al'ada ce in an rubuta wa mutum wasiƙa a karanta masa ya ji. Mai jakai na ta sallama a ƙofar gida, yana cewa rana na yi. Baba ya ce, "Karanta in ji." Na dubi layukan nan biyar, na san zai ce na yi masa rowar magana, za a ce in sake, kuma ni a ganina duk abu ɗaya ne. Sai na kafa ido a kan takardar, na biya masa maganarsa da ka, tun daga Autan Inna har jaka mai cizo, ban tsallake ko kalma ba. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Duk sanda na zo kan albasa sai in ga leɓensa na motsi tare da nawa.

"Madalla," in ji shi. "Haka nic ce. Ashe bokon ga bai ɓata ka ba."

Na ninke takardar na kai wa mai jakai.

Tun washegari Baba ya sa aka mayar da shimfiɗarsa zaure, inda zai ji motsin hanya. Ya ce wa Inna a riƙa dama fura da ɗan yawa, kada baƙo ya iso a rasa abin ba shi. In ya ji takun ƙafa sai ya ɗaga kai ya ce, "Wa na?" A ce masa wane ne, ya amsa gaisuwa ya koma ya kwanta. Rana ta uku mai jakai ya dawo. Ya ce ya danƙa wasiƙar hannu da hannu, Baffa ya karanta a tsaye, ya ninke ya sa aljihu, ya tambaye shi ƙaƙa hanya, shi ke nan.

"Shina zuwa," in ji Baba. "Shiri shikai."

Ni kuwa ko a jikina. Haushin Baffa nake ji, ina cewa wane irin taurin zuciya ne wannan, an gaya maka ɗan'uwanka na kwance ka zauna. Gwaggo na zaginsa a tsakar gida, ina taya ta a zuci. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in sake tuna abin da ke cikin takardar. Rana ta tara Baba ya daina tambayar ko wane ne. Ya ce a mayar da shi ɗaki, zauren ya cika iska. Rana ta goma sha ɗaya, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa, aka rufe shi kafin magariba.

Aka tura mai keke Shagari. Washegari da la'asar Baffa ya iso a ƙafa. Na ga mutum mai kama da Baba sak, sai dai ya fi shi tsawo, har gabana ya faɗi. Ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa, yana amsawa yadda ya kamata, fuskarsa a ɗaure. Gwaggo ta ƙi yi masa magana. Ina jin ta tana gaya wa Inna cewa ko kabarin bai ce a nuna masa ba.

Ranar sadakar uku, bayan jama'a sun watse da hantsi, ya kira ni zaure. Mu biyu ne kawai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar, ta yi laushi saboda yawan buɗewa da ninkewa.

"Hannunka na wanga?"

"Nau na, Baffa."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. "Kada ka ɗauka ban da zuciya, ɗana. Na yi shirin tahowa, har na sa takalmi. Sai nis sake duba layin ga na ƙarshe. Nic ce, mutum na kwance bisa gadon ciwo, abin da zai aiko min ke nan? Shekara tara ba ta ishe shi ba, sai na taho ya ƙara min gaban mutane? Kullum in na tashi sai in duba, in koma in zamna."

A nan ne na gane. Na ji kamar in nutse cikin ƙasa. Da na yi shiru ba wanda zai taɓa sani, kuma ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shirun. Amma bakina ya riga ni.

"Baffa, ba haka yac ce ba."

Ya ɗago ya dube ni. Na durƙusa a gabansa na fara biyawa, yadda na biya wa Baba. Da na ce zuwa ga Autan Inna, sai ya dubi takardar, ya sake dubana. Na bi gaisuwar mutum-mutum, na zo kan tsamiya, na zo kan goyo a fadama, na faɗi ta liman da ta sarkin noma, na ce daga Allah na, ba hannun kowa ba na. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Ya juya takardar ya duba bayanta, kamar zai ga sauran a can.

"Wa yah hana ka rubutawa?"

"Ba kowa."

"To don mi?"

Na nemi abin da zan jingina da shi na rasa. Na ce, "Na ga maganar ta yi tsawo."

Bai mare ni ba, bai zage ni ba, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa Inna ko Gwaggo ba. Ya bar su suna ganin laifinsa ne, ya ɗauke mini. Da ya mare ni a ranar, ina jin da na fi samun sauƙi. Yanzu na haura shekarun da Baba ya rasu yana da su, na roƙi Allah gafara iya roƙo, amma baƙin cikin kwana taran nan da ya yi a zaure yana tambayar wa na, bai taɓa barina ba. Ya tafi yana zaton ya ƙasƙantar da kansa ga ƙanensa an ƙi karɓa.

Baffa ya ninke takardar. Can ya ce, "Zancen albasan nan, sau nawa yah hwaɗe shi?"

"Sau uku."

"Yaya? Sau uku?"

Na gyaɗa kai. Ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Ban taɓa ganin babban mutum na kuka haka ba, na rasa inda zan sa idona.

"Tahiyar wuni guda ta, ɗana," ya ce daga cikin rigar. "Wuni guda."

Da ya natsa ya share fuska, ya miƙe ya laluba takalmansa a bakin zaure.

"Tashi ka nuna min inda kunka sa shi."

Na shiga gaba, yana biye da ni, muka bi ta bayan gari. Ban waiwaya ba, amma tun daga ƙofar gida har maƙabarta ina jin sa yana magana ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Na ji, Yaya. Ga ni nan tahe."